Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Hausawa Mazauna Kanada Kan Tutar Ƙasar Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu da yayyenmu, shugabannin ƙungiyoyinmu, dattawan kwamitoci da malaman makarantun ƙarshen mako, ina gaishe ku gaisuwar girma. Allah Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da mu. Ku ne kuke tarbar baƙo a filin jirgi, ku nema masa masauki da rigar sanyi, ku kuma tsaya kan gawar ɗan'uwa har a kai ta makwancinta. Babu wanda yake biyanku, kuma muna sane da haka.

Ni 'yarku ce, ƙanwa ga wasunku, uwa mai 'ya'ya a makarantun gwamnati a lardin Ontario. Na rubuto ne da yawun iyaye mata da maza da muke haɗuwa ranar Asabar idan mun kai yara darasin Hausa da karatu. Mun daɗe muna wannan magana a bakin ƙofa muna jiran a tashi yara, har muka ga ya kamata ta iso gabanku a rubuce.

Abin da ya tayar da ita shi ne jadawalin tarukan shekara da kwamitin garinmu ya fitar. Akwai Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, akwai 3 ga Agusta don 'yan'uwanmu na Nijar, akwai Ranar Hausa ta Duniya ta 26 ga Agusta, akwai 1 ga Oktoba don Najeriya. Duk mun yi murna da su. Amma babu 15 ga Fabrairu, Ranar Tutar Kanada, babu kuma 1 ga Yuli, ranar da ƙasar ta kafu a 1867. Da aka nemi a saka ko da guda ɗaya, amsar da aka bayar ita ce wannan bikinsu ne, ba namu ba. Na tuntuɓi ƙawaye a wasu garuruwa, na tarar kusan haka abin yake a wurinsu. Shi ya sa na haɗa ku duka a wasiƙar.

Ranku ya daɗe, wannan amsa ita ce damuwarmu ta farko, kuma ita ce uwar sauran. Da yawa daga cikinmu mun ɗaga hannun dama mun yi rantsuwar zama 'yan ƙasa. Mun yi alkawarin biyayya ga Sarauta, da bin dokokin Kanada, da sauke nauyin da ke kan ɗan ƙasa. Ba a tilasta mana ba. Mu muka cika takardu, muka biya kuɗi, muka zauna jarrabawa, muka kuma gayyaci 'yan'uwa suka zo ɗaukar hoto. Ba a ma nemi mu bar ƙasarmu ta haihuwa ba, domin tun 1977 dokar Kanada ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. To bayan duk wannan, ta yaya za mu tsaya gaban 'ya'yanmu mu ce tutar da muka yi rantsuwa a gabanta ta wasu ce? Alkawari kaya ne, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma babu malamin da ya taɓa koya mana cewa alkawarin da aka ɗauka a ƙasar da ba ta Musulmi ba bai hau kan mutum ba. Idan fasfo ya yi mana daɗi a filin jirgi, kuma katin asibiti ya yi mana rana a ɗakin haihuwa, bai dace mu kau da kai ranar da aka ce a girmama alamar ƙasar da ta ba mu su ba.

Ina roƙon ku dubi tarihin tutar kanta, domin wanda ya san shi zai yi wuya ya ce ba tamu ba ce. Kafin 1965 Kanada tana amfani da jar tuta mai ɗauke da tutar Birtaniya a kusurwarta. A rikicin mashigin Suez na 1956, lokacin da Lester Pearson, yana ministan harkokin waje, ya kawo shawarar kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Masar ta nuna rashin amincewa da sojojin Kanada saboda alamominsu sun yi kama da na Birtaniya, wadda ta kai mata hari. Pearson bai manta da wannan ba. Da ya zama firaminista ya tsaya kai da fata sai ƙasar ta samu tutar kanta. A watan Mayun 1964 ya je Winnipeg ya faɗi haka a gaban tsofaffin sojoji, aka yi masa ihu. Madugun adawa John Diefenbaker ya yaƙi shirin watanni, yana kare tsohuwar tuta. Kwamitin 'yan majalisa 15 ya duba dubban zane-zane kafin a tsaya kan shawarar masanin tarihi George Stanley: ja a gefe biyu, fari a tsakiya, da ganyen bishiyar mefil guda ɗaya mai tsini 11. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 163 a kan 78 a ranar 15 ga Disamba, 1964. Sarauniya Elizabeth ta sa hannu a ƙarshen Janairu, aka ɗaga tutar karon farko a Ottawa ranar 15 ga Fabrairu, 1965. A jawabinsa na wannan rana, shugaban majalisar dattawa Maurice Bourget ya ce tutar tana wakiltar dukkan 'yan ƙasa ba tare da bambancin launi, harshe, addini ko ra'ayi ba.

Ku lura da shekarun. A 1962 aka fara cire wariyar launin fata daga dokokin shige da fice. A 1965 aka ɗaga sabuwar tuta. A 1967 aka kawo tsarin maki, wanda yake duba ilimin mutum da sana'arsa maimakon ƙasar da ya fito, kuma ta wannan ƙofa yawancinmu muka shigo. A 1971 gwamnatin Pierre Trudeau ta ayyana manufar zaman al'adu daban-daban. Tutar nan da ƙofar da aka buɗe wa irinmu tare suka taso, tunani ɗaya ne ya haife su. Babu gicciye a kanta, babu kambun sarauta, babu alamar wata ƙabila. Su ma Musulmi ba jiya suka zo ba: masallacin Al-Rashid na Edmonton an buɗe shi a 1938, ya girmi tutar da shekara 27. Baƙaƙen fata kuwa sun yi wa ƙasar nan aikin soja a Yaƙin Duniya na Farko, a bataliyar gine-gine ta biyu da aka kafa a 1916 bayan an ƙi ɗaukar da yawansu a sauran rundunoni, har gwamnati ta nemi gafarar zuriyarsu a 2022. Waɗannan mutane sun sha wuya kafin a kira su 'yan ƙasa. Ba daidai ba ne mu da muka tarar da hanya a share mu ce ba mu da rabo.

Damuwa ta biyu ita ce yadda muke riƙe tutar idan ma mun fito da ita. A walimar Sallar da ta wuce an shimfiɗa ta a kan teburin abinci, aka jera kuloli a kanta, miya ta zuba, da aka tashi aka dunƙule ta tare da robobi. Na tabbata wanda ya shimfiɗa ta ado ya nufa, ba wulaƙanci ba. Amma a zauren akwai baƙin da muka gayyata, cikinsu har da wani dattijo maƙwabcin zauren wanda ɗansa ya yi aikin soja a Afghanistan. Bai ce uffan ba, sai dai na ga inda idonsa ya tsaya. Sojojin Kanada 158 ne suka mutu a wannan yaƙi, kuma a cikin wannan tuta aka lulluɓo akwatunansu, aka bi da su babbar hanyar 401 daga sansanin Trenton zuwa Toronto, jama'a na tsaye a kan gadoji cikin sanyi riƙe da tutoci. Abin da mutumin yake gani ke nan a ƙyallen da muka ɗora wa kular shinkafa.

Kanada ba ta da dokar da ke hukunta wanda ya wulaƙanta tuta. Abin da ake da shi ƙa'idoji ne na ladabi da ma'aikatar kula da al'adun ƙasa ta wallafa, kuma ba su da wuya. Ba a mai da tuta shimfiɗar tebur ko ta kujera. Ba a rubutu ko sa hannu a kanta, ba a ɗinka mata wani abu. Ba a juya ta kai ƙasa. Idan za a ɗaga ta tare da tutocin wasu ƙasashe, kowace da sandarta, tsayinsu ɗaya. In biyu ne, ta Kanada tana hagun mai kallo, in uku ne tana tsakiya. Idan ta koɗe ko ta yage, a sauke ta, a kawar da ita cikin mutunci, ba a jefa ta kwandon shara yadda take ba. Rashin hukunci bai sauke mana nauyi ba. An bar abin ne ga tarbiyyar kowa, mu kuwa da tarbiyya muke tinƙaho a duk inda muka je.

Na san akwai masu ganin girmama tuta ya yi kusa da abin da addini ya hana, kuma ba na raina wannan tsoro, domin daga kishin tauhidi ya fito. Hukuncin na malamai ne, ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne babu wanda ya nemi a rusuna wa ƙyalle ko a roƙe shi wani abu. Kuma tuta ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tuta ya riƙa bai wa almajiransa, irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubu na Bauchi, ta zama shaidar amana da izini, kuma har yau zuriyarsu suna alfahari da cewa kakanninsu masu tuta ne. Mun taso muna tsayawa a layin asambuli ana ɗaga kore-fari-kore, 'yan'uwanmu na Nijar suna tsayawa ga tasu. Ban ga abin da ya sa hakan ya halatta a Kano ko Damagaram ya kuma zama abin ƙi a Toronto ba. Muna roƙon malamanmu su yi wa jama'a bayani a sarari, domin shirun da ake yi yana barin matasa cikin ruɗani.

Damuwa ta uku ita ce mafi nauyi a zuciyata, wato 'ya'yanmu. A ƙarshen Janairun 2022 ayarin manyan motoci masu adawa da dokokin rigakafin korona ya mamaye tsakiyar Ottawa kusan mako uku. Ba na cewa duk wanda ya shiga mugu ne. Da yawa mutane ne da suka rasa aiki suke cikin fushi. Amma duniya ta ga tutar a juye, an ga an zana mata alamar 'yan Nazi, an rataya ta kai ƙasa a jikin mutum-mutumin Terry Fox, matashin da ya yi gudu da ƙafar roba a 1980 don tara kuɗin yaƙi da cutar daji. Ranar 29 ga Janairun 2022 ita ce cikar shekara 5 da kisan masallata 6 a masallacin birnin Quebec, kuma taron tunawa da su da aka shirya yi a fili a Ottawa sai da aka mayar da shi intanet saboda fargabar tsaro. Ga shi ko shekara ba a yi ba da wani ya bi ta kan wasu iyali Musulmi da mota a birnin London na Ontario ya kashe mutum 4.

A hunturun 2022 ɗin nan 'yata, wadda a nan aka haife ta, ta fara tura ɗankwalinta cikin hular rigar sanyi duk lokacin da ta hango motar a-kori-kura mai ɗauke da tuta. Yarinyar da take rera taken ƙasa kowace safiya a makaranta, da Turanci da Faransanci, ta koma tsoron tutar ƙasarta. Da na kawo wannan magana a wurin iyaye, uwaye da dama suka ce su ma sun ga haka a gidajensu. Waɗannan yara ba su da wani gida da suka sani kamar nan. Idan muka kai su hutu Katsina ko Maraɗi, 'yan Kanada ake kiransu, ana dariyar Hausarsu. Idan suka dawo, wani a titi ya ce su koma inda suka fito. Sai kuma su zo taron ƙungiyar iyayensu su ji dattijo yana cewa bikin ƙasar nan ba namu ba ne. Mai ƙinsu ya faɗa, mai sonsu ya maimaita. Yaron da aka nuna masa ba shi da wuri a ko'ina, ba mu san wanda zai fara kiransa a intanet ya ce zo ga wuri ba, kuma kun fi ni sanin irin masu kiran.

Sauran 'yan ƙasa sun gane cewa barin tuta a hannun ɓangare ɗaya asara ce. A farkon 2025, da shugaban Amurka Donald Trump ya riƙa cewa Kanada ta zama jiha ta 51 yana kuma barazanar ɗora wa kayanta haraji, mutanen da suka ajiye tutocinsu tun 2022 sun sake fito da su. Tsofaffin firaministoci 5 daga jam'iyyu masu hamayya da juna, Joe Clark da Kim Campbell da Jean Chrétien da Paul Martin da Stephen Harper, suka haɗu suka roƙi jama'a su ɗaga tuta ranar da ta cika shekara 60. A unguwarmu na ga tutoci a gidajen Sikh, da shagunan 'yan Lebanon, da motocin 'yan Somaliya. Mu ne ban gani ba a ƙungiyance. Harajin nan kuwa bai tsallake kowa ba. 'Yan'uwanmu da ke aiki a masana'antun motoci da ƙarafa da masu tuƙin tirela zuwa Amurka suna cikin waɗanda hankalinsu ya tashi.

Ba ina kiran ku zuwa ga yabon da babu tunani ba ne. Akwai masu cewa ta yaya za su yi alfahari da ƙasar da lardin Quebec ya kafa dokar 2019 wadda ta hana sabuwar malamar makarantar gwamnati shiga aji da hijabi, ko ƙasar da likita daga gida yake shafe shekaru yana gadi kafin a amince da takardunsa. Ƙorafinsu gaskiya ne, kuma ina tare da su. Akwai ma abin da ya fi namu ciwo. Yaran 'yan asalin ƙasar nan kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana don a kashe harshensu da al'adunsu, dubbai ba su dawo ba. Bayan sanarwar da aka yi a garin Kamloops a watan Mayun 2021 kan alamun kaburbura a harabar ɗaya daga cikin makarantun, an sassauto da tutocin gine-ginen gwamnatin tarayya zuwa rabin sanda daga 30 ga Mayu har 7 ga Nuwamba. A 2021 ɗin ne kuma aka gyara rantsuwar zama ɗan ƙasa ta ambaci haƙƙoƙin 'yan asali da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su, don haka duk wanda ya yi rantsuwa daga lokacin ya ɗauki wannan a wuyansa. Ni a wurina ƙasar da za ta sunkuyar da tutarta fiye da wata biyar saboda laifin da ta yi wa yara ta cancanci a tsaya a gyara ta daga ciki. Kuma wanda ya ce ƙasar tasa ce shi ake saurara idan ya je gaban ɗan majalisa da ƙorafin hijabi ko na takardu. Wanda ya ce shi baƙo ne ya sauƙaƙa wa masu son a yi banza da shi.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

A sake duba jadawalin bana a saka 15 ga Fabrairu da 1 ga Yuli. Ranar Tuta, wadda aka ayyana a 1996, ba ranar hutu ba ce, don haka ba ma neman babban taro. Ya isa a ware rabin awa a darasin Asabar mafi kusa da ita a ba yara tarihin tutar da Hausa. Da yake Fabrairu shi ne watan tarihin baƙaƙen fata, wanda majalisa ta amince da shi a 1995 bisa ƙudurin 'yar majalisa Jean Augustine, ana iya haɗa darasin biyu. Ranar 1 ga Yuli kuwa mu fita filin gari da kayanmu, manyan riguna da atamfa da lalle, mu kafa rumfa mu sayar da masa da tsire da zoɓo, maƙwabta su san mu.

A naɗa mutum ɗaya a kowace ƙungiya da zai riƙa kula da tutoci: ya tanadi sanduna uku masu tsayi ɗaya, ya san wurin kowace, ya adana su bayan taro. Ofisoshin 'yan majalisar tarayya sukan ba mazaɓansu ƙananan tutoci da bajoji idan an nema, kuma neman ma hanya ce ta sa ɗan majalisa ya san da zamanmu. Ladabin da za a yi wa ta Kanada a yi wa ta Najeriya da ta Nijar, da ta Ghana ko Kamaru ko Chadi in akwai 'ya'yansu a zauren, domin su ma mun sha ganin an manna su a bango da salatif har su faɗo.

A fassara ƙa'idojin tuta da kalmomin rantsuwa zuwa Hausa a shafi guda, a raba wa iyayenmu da muka ɗauko daga gida waɗanda Turanci bai zauna musu ba. Cikinmu akwai waɗanda suka yarda su yi wannan aiki kyauta.

Duk wanda ya yi rantsuwa a cikin shekara, a kira sunansa a taron ƙungiya, a yi masa addu'a, wani dattijo ya miƙa masa tuta ya tuna masa abin da ya ɗauka. Yanzu da yawa ta allon kwamfuta suke rantsuwar, su kaɗai a falo, babu mai ce musu barka.

A saka 30 ga Satumba, ranar gaskiya da sulhu da 'yan asalin ƙasa, a gayyato wani dattijonsu ya yi wa yaranmu magana, a karrama shi yadda muke karrama baƙo. A saka 29 ga Janairu, wadda gwamnatin tarayya ta ware tun 2021 don tunawa da masallatan Quebec, mu halarta da tuta a hannu.

Muna roƙon a sanya wannan wasiƙa cikin ajandar zaman kwamiti na gaba, a kuma ba iyaye mata biyu da matasa biyu damar yin magana a zaman, tunda su abin ya fi shafa. Kuɗin sanduna da tutoci da buga takardu mun riga mun amince za mu haɗa a tsakaninmu, ba sai an taɓa asusun ƙungiya ba. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin abin da na rubuta, ina neman afuwarku.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙurin jagorancinmu, Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasashenmu na haihuwa da wannan ƙasa tamu lafiya.

Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma ƙanwarku,
a madadin iyayen yaran darasin Asabar,
Ontario, Kanada.